Motar rimot: cire injin nitro a sa na batir, gyara ne ko ɓarnar kuɗi?

Tambayar da ta daɗe tana raba kan masu wasa da manyan motocin rimot a Amurka da Turai ita ce: wanda yake da tsohuwar mota mai shan man nitro, ya cire injin ya sa mata na lantarki marar burushi, ko ya ƙyale ta ya je ya sayi sabuwa? Bidiyoyin da ke yawo a YouTube da TikTok sun sa ana ganin abin kamar aikin yamma ɗaya. A kwance noti huɗu, a ɗaga inji, a ɗora wani, sai ga mota ta zabura tayoyin gaba a sama. Kyamara ba ta cika nuna haƙoran giyar da suka zube bayan kwana biyu ba, ko motar da aka ja wa birki ta ƙi tsayawa, ko batirin da ya kumbura a cikin ɗaki.

Rashin fahimtar daga wuri guda yake tasowa: ana zaton inji kaɗai ake canzawa. Alhali duk abin da ke jikin motar nitro, daga kuloci da giya har birki da inda nauyi ya kwanta, an ƙera shi ne bisa halin injin da ke cikinta. Da zarar inji mai wani hali ya shigo, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an sake musu lissafi.

Wace irin mota ake magana a kai?

Ba motar roba da ake saya wa yara a kasuwa lokacin sallah ake nufi ba. Waɗannan an ƙera su da giya da shokozoba da birki na gaske, kowane ɓangare ana iya kwance shi a sayo sabo a mayar. Ana auna girmansu da ainihin mota, shi ya sa za ka ji an ce 1/10 ko 1/8. Irin mai manyan tayoyi takan kai rabin mita a tsawo, nauyinta kilo huɗu zuwa biyar ko fiye, gudunta kuma yana wuce kilomita 60 a awa. Idan ta sami ƙwaurin mutum a wannan gudu, ba wasa ba ne.

Manyan motocin nitro sun yi tashe ne daga 1999, lokacin da kamfanin Traxxas na jihar Texas ya fito da T-Maxx. Ta zo a haɗe, ana tayar da ita da maɓalli maimakon jan igiya, har ribas tana yi. Kamfanin HPI ya biyo baya da Savage, Traxxas ya ƙara da Revo a 2004. An sayar da su birjik. Yau da yawansu suna jibge a gareji, wasu ana gwanjonsu a eBay da injin da ya daskare, kuma su ne ake neman hanyar farfaɗowa.

Halin injin nitro

Ɗan ƙaramin inji ne mai bugu biyu, dangin na ƙaramin janaretan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, amma shi ba ya shan fetur ko kaɗan. Mansa haɗi ne: mafi yawansa metanol, sai nitrometan daga kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, sai man shafawa wanda galibi akwai man zurma a ciki. Injin ba shi da wurin ajiye baƙin mai, don haka man shafawar yana bi ta cikinsa ne ya fita ta salansa. Wannan ne ya sa bayan kowane wasa gefen motar yake yin danƙo, ƙura ta manne.

Fuloginsa ma ba ya ba da tartsatsi. Wani siririn zare ne a murɗe mai filatinom a jikinsa. Ana ɗora masa ɗan batir na volt ɗaya da rabi ya yi ja, inji ya kama, a cire batirin. Daga nan zafin ƙonewa da yadda metanol ke haɗuwa da filatinom su suke riƙe zaren da jansa. Injin T-Maxx na baya-bayan nan cc 3.3 ne kacal, na Savage X kuma 4.6, amma suna wuce juyi 30,000 a minti.

Wahalarsa tana wajen kafireto. Akwai allurar babban gudu, da ta ƙaramin gudu, da notin silo, kuma saitin da ya yi daidai da sanyin safe ba lallai ya yi da rana tsaka ba. Mai ya yi yawa, mota ta yi nauyi tana tari. Ya yi kaɗan, ta yi gudu mai daɗi na 'yan mintoci sannan inji ya ƙone. Fistin ɗinsa ba shi da ringi, matsewar da yake yi a saman silinda ita ce ke riƙe iska, ranar da matsewar ta tafi injin ya tashi aiki. Metanol kuma yana jan ruwa daga iska, don haka injin da aka ajiye da ragowar mai a ciki boris ɗinsa yakan yi tsatsa.

A riƙe abu uku game da shi, don su ne tushen duk matsalar da za ta zo a gaba. Ba shi da ƙarfi sai ya ɗauki juyi sosai. Dole ya ci gaba da juyawa ko mota tana tsaye. Kuma gefe ɗaya kawai yake juyawa, motar da ke yin ribas da giya take yinsa.

Shi kuma marar burushin fa?

Injin lantarki na da, irin wanda ke cikin kik ɗin mota ko injin huda bango, yana da guntayen kabon da ke gogar sandar da ke juyawa suna ba ta wuta. Gogar ce ke cinye su, ta kawo zafi da tartsatsi. A marar burushi, wanda masu harkar ke kira burashles, an juya tsarin. Naɗin waya yana tsaye a jikin gwangwani, maganaɗisu ne ke juyawa a tsakiya, ba abin da ke gogar wani in ban da boris biyu. Aikin kabon ya koma hannun wata na'ura da ake kira ESC, wadda ke karɓar wuta daga batir tana raba ta ga wayoyi uku bi da bi, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, gwargwadon yadda aka matsa totur a rimot.

A jikin kowane inji za ka ga lamba da KV a gabanta. Ma'anarta yawan juyin da yake yi a minti kan kowane volt idan babu kaya a kansa. Mai 2200KV da batirin volt 14.8 zai yi juyi wajen 32,500, idan aka kai shi volt 22.2 ya doshi 49,000. Sabbin shiga sukan ɗauka mai babbar lamba ya fi ƙarfi, su sayo na ƙaramar mota mai KV da yawa su ɗora wa mai kilo biyar, ya gasu cikin 'yan mintoci. Mota mai nauyi jiki take so. Shi ya sa a ajin 1/8 aka fi amfani da gwangwani irin 4074, wato kaurin milimita 40 da tsawon 74, mai KV wajen 2000 zuwa 2200. A ɓangaren ESC, sunayen da aka fi ji su ne Mamba Monster na kamfanin Castle Creations da ke jihar Kansas, da Max8 na Hobbywing da ke Shenzhen a ƙasar Sin.

Halinsa kishiyar na nitro ne ta kowace fuska. Ƙarfinsa yana zuwa gaba ɗaya tun daga tsaye, ba ya buƙatar silo, yana juyawa gaba da baya, kuma yana iya yi wa kansa birki.

Me ya sa nitro ya ja baya?

Kafin tsakiyar shekarun 2000, mutane da yawa suna ɗaukar motar batir ta masu koyo ce. Baturanta masu nauyi ne, minti kaɗan sun mutu, duk mai son gudu nitro yake nufa. Haɗuwar injin marar burushi da batirin LiPo, wani batirin litiyom marar nauyi, ita ta juya lamarin. Traxxas ya fito da tsarinsa marar burushi mai suna VXL a 2007, E-Revo, wato Revo mai batir, ta biyo a 2008, HPI ya yi wa Savage ƙanwa mai batir mai suna Flux, kuma a 2011 aka sami XO-1 ta Traxxas da ke wuce kilomita 160 a awa. Irin wannan inji da irin wannan batir su ne a cikin ƙananan jirage marasa matuƙa da masu ɗaukar hoton biki ke tayarwa, kuma yawan ƙera su a masana'antun Sin ya karya farashinsu.

Man kuma ya ƙara wuyar samu. Nitrometan yana cikin sinadaran da hukumomi ke sa wa ido, don yana cikin abin da aka haɗa bam ɗin birnin Oklahoma da shi a 1995. Tarayyar Turai ta yi doka mai lamba 2019/1148 wadda ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2021, ta rage iyakar nitrometan a cikin man da kowa zai iya saya daga kashi 30 zuwa kashi 16 cikin ɗari a ma'aunin nauyi. Abin da ya wuce haka sai da lasisi, a ƙasashen da suka buɗe ƙofar lasisin. Masu tsere da suka saba da mai mai ƙarfi dole suka sake saitin injinansu. Ga ƙara: injin da ke juyi 30,000 a bayan gida ba ya barin maƙwabta su yi ƙailula.

Inda aikin yake cijewa: kuloci, birki da ribas

Tunda injin nitro ba ya tsayawa, an sa masa kuloci mai aiki da juyi. Idan yana silo, takalman kulocin suna lafe. Aka ba shi wuta, sai su buɗe su kama ƙwaryar da ke kewaye da su, ita kuma ta juya babbar giya. Wannan kamun a hankali yake zuwa, yana ɗan zamewa kafin ya riƙe. Wato kulocin matashi ne tsakanin inji da sauran mota, ko da ba don haka aka sa shi ba.

A yawancin sauyi ana cire shi, a ɗaura ƙaramar giya kai tsaye a kan sandar injin lantarki. Matashin ya tafi ke nan. Yanzu duk ƙarfin yana dukan haƙora a lokaci guda. Abin da ya fi rauni shi ke fara tafiya: babbar giyar roba ta suɗe, ko shaf ɗin roba irin na T-Maxx ya murɗe ya tsinke. A sayo na ƙarfe, sai karayar ta matsa gaba zuwa ƙananan giyoyin da ke raba gudu tsakanin tayoyin hagu da dama. A ƙarfafa su, ta koma kan kofunan da shaf ke shiga. Mutane da yawa sun wayi gari sun canza rabin motar ta wannan hanya, kowane mako da abin da ya karye. Masu wayo tun farko suke shiga saitin ESC su rage zafin fizgar farko, su kuma bar faifan zamewa da ke jikin babbar giya ya ɗan yi sako-sako don ya sha dukan. Ba a ganin wannan a bidiyo, don motar da ba ta miƙewa tsaye ba ta tara masu kallo.

Babbar matsalar tana cikin akwatin giya. Motoci irin T-Maxx da Revo da Savage suna da giya biyu da ke canza kansu, don taimaka wa injin da ba shi da ƙarfi a ƙasa. Domin giya ta biyu ta shiga ba tare da ta farko ta riƙe ta ba, an ɗora ta farkon a kan boris mai kama gefe ɗaya. Duk wanda ya hau keke ya san shi: ka taka feda taya ta juya, ka daina takawa taya ta ci gaba da tafiyarta, ka taka da baya ba abin da ya faru. A motar nitro wannan ba laifi ba ne, don birkinta daban yake, faifai ne da wani ɗan sarbo, wato ƙaramin injin da ke amsa umarnin rimot, ke matsewa, sarbon da kuma yake jan totur.

To a ɗora injin lantarki a bar akwatin yadda yake, a cire sarbon da tunanin ya gama aiki. Ka ja birki a rimot, ESC ya tsayar da inji cak, motar kuwa ta ci gaba da gudunta har ta sami bango. Ka nemi ribas, inji yana ta kuka da baya, tayoyi ko motsi.

Mafita biyu ce. Ko dai a bar faifan birkin da sarbonsa, a haɗa shi ta yadda zai amsa idan an tura totur baya, a kashe birkin ESC a bar shi a gaba kawai. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, kuma birkin faifai ba ya wahalar da haƙora, sai dai akwai ƙarin waya da ƙarin nauyi. Ko kuma a buɗe akwatin a cire boris ɗin, a kulle shi a giya ɗaya, yadda inji da taya za su zama a ɗaure gaba da baya. Wannan ya fi tsafta, ya ba da ribas da birki daga inji, kuma ya kawar da dukan da giya ta biyu ke yi idan ta shiga da ƙarfin lantarki. Wasu sukan ɗauko akwatin giyar E-Maxx, 'yar'uwarta mai batir, su dasa a T-Maxx, amma ramukan ba su zo daidai ba, sai an yi huji da gyare-gyare.

Akwai ajin da duk wannan bai shafe shi ba: motocin tsere na 1/8, waɗanda ake kira bogi, da masu ɗan manyan tayoyi da ake kira turogi. Su ba su da giya biyu, abin da ke tsakiyarsu mai raba gudu ne tsakanin gaba da baya, giyoyinsu na ƙarfe ne tun daga kamfani, shasinsu faranti ne shimfiɗaɗɗe. Kamfanoni irin Tekno RC sun fara suna ne da sayar da kayan sauya irin waɗannan. A ganina, kafin mutum ya tambayi wane inji zai saya, ya fara leƙa cikin motarsa ya ga wane irin akwatin giya ne. Amsar wannan ita ke faɗa masa ko aikin na kwana ɗaya ne ko na wata biyu.

Sai mazaunin injin. Ya zama na alminiyom mai kauri, don yana taimakawa wajen kwashe zafi, kuma ramukansa su zama dogaye yadda za a iya matso da inji ko a ja shi baya. Haƙoran ƙaramar giya dole su zama ajin na babbar. Mod 1 da fic 32, ma'aunan girman haƙori guda biyu, suna kama a ido amma ba sa zama tare, za su cinye juna. Wajen saita tazara, ana yanko siririyar takarda a sa tsakanin giyoyin biyu, a matse su, a ɗaure noti, sannan a juya takardar ta fito. Idan ta fito da lanƙwasa a jere ba ta yage ba, kuma babbar giyar tana ɗan motsi kaɗan idan an taɓa ta da yatsa, an dace. Ɗan notin da ke riƙe ƙaramar giya ya zauna a kan shafaffen gefen sandar, a ɗiga masa shuɗin gam na noti, in ba haka ba zai kwance a tsakiyar fili.

Giya da zafi

Injin nitro idan kaya ya yi masa yawa yakan nuna, ya yi nishi ko ya mutu. Na lantarki ba ya ƙorafi. Zai ci gaba da zuƙar wuta har maganaɗisunsa ya rasa ƙarfi, kuma wannan rashin ba ya dawowa. Shi ya sa masu harkar ba sa rabuwa da ɗan ma'aunin zafi na haske. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada jikin injin ya wuce digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salsiyos.

Maganin zafi yana cikin lissafin haƙora. A ce babbar giya tana da 50, ƙarama 15: inji zai juya sau 3.3 kafin babbar ta juya sau ɗaya. A sauke ƙaramar zuwa 13, ya zama kusan 3.8. Gudu ya ɗan ragu, inji ya sami sauƙi. Ana farawa da ƙarama, a yi minti biyar, a auna, sannan a hau da haƙori ɗaya ɗaya. Ciyawa mai tsawo da rairayi suna ƙara zafi fiye da kwalta, manyan tayoyi ma haka. Tayoyin kansu a volt 22 sukan kumbura su yi tsini a tsakiya har gam ɗinsu ya saki.

Batir: nauyinsa, mazauninsa da haɗarinsa

LiPo ƙwayoyi ne a jere. Kowace ƙwaya volt 3.7 ce a suna, 4.2 idan ta cika. Huɗu a jere su ne 4S mai volt 14.8, shida su ne 6S mai 22.2. Tankin nitro na mililita 125 ko 150 bai da wani nauyi, kuma yana raguwa ana tafiya. Batirin 4S mai 5000mAh kuwa ya kai rabin kilo, kuma ba ya raguwa. Inda aka ajiye shi ne zai nuna ko motar za ta tafi sak ko za ta riƙa kifewa gefe guda a kwana. A kan shimfiɗaɗɗen shasi ana sa inji a gefe, batir a ɗaya gefen. Savage kuwa faranti biyu ne a tsaye da ɗan lungu a tsakani, shi ya sa Flux ta rataya akwatunan batir hagu da dama. Ko ina aka sa shi, a ɗaure shi da maɗauri biyu a sa masa soso, don motar da ke tsalle mita biyu tana iya harba shi waje.

Abu ɗaya da ake samun sauƙi: ɗan batirin da ke ba risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot, da sarbon sitiyari wuta a motar nitro ya zama ba dole ba, domin ESC yana da sashen da ke rage wuta ya ba su.

Haɗarin LiPo na gaske ne. Ba ya son a zuƙe shi ƙasa da volt 3 kan kowace ƙwaya, don haka dole a kunna saitin da ke yanke wuta a wajen 3.2 zuwa 3.4. Ba a yi masa caji sai da cajar da ke daidaita ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Idan ya huje ko cajin ya wuce kima, wuta yake kamawa mai wuyar kashewa. A yi cajinsa a kan siminti, cikin jakar da aka yi don haka ko tukunyar ƙasa, mutum yana kusa. Wanda ya kumbura ya gama yayi. Haɗa kawunan waya masu ɗaukar irin wannan wuta, kamar XT90 ko EC5, yana son mai iya dalma da kyau. Dalmar da ba ta kama ba tana narkewa ana tsakiyar gudu.

Lissafin kuɗi

Wanda ya ce sauyi ya fi arha yakan lissafa inji da ESC ne kawai. Bai sa mazaunin inji ba, da ƙananan giyoyi biyu ko uku na gwaji, da tiren batir, da shaf na ƙarfe, da abin da zai karye a watan farko. Idan aka tara, a mota irin T-Maxx kuɗin yakan matso kusa da na sabuwar da aka ƙera don lantarki tun daga tushe, irin su Kraton ta kamfanin Arrma, wadda ta zo da giyoyin da aka yi don wannan ƙarfi. Adalci dai shi ne a cire batir da caja daga kwatancen, domin sababbin ma yawanci ba sa zuwa da su.

Sauyin yana da ma'ana ga wanda yake da bogi ko turogi mai kyau da injin ya mutu, tunda sabon injin nitro na tsere shi ma ba arha ba ne. Yana da ma'ana ga wanda ya riga ya zuba kuɗi a tsohuwar motarsa, ko yake da batura da caja daga wata. Akwai kuma wanda aikin hannun ne yake ba shi nishaɗi, shi wannan ba a yi masa lissafi. Amma wanda ya sayi tsohuwar T-Maxx musamman don ya sauya ta da niyyar tsimi, ya ɗauko doguwar hanya.

Abin da 'yan nitro ke cewa

Ba su miƙa wuya ba, kuma suna da hujja. A gasar duniya ta bogi 1/8 da hukumar IFMAR ke shiryawa, zagayen ƙarshe minti 60 ne cur, ana shiga ana ƙara mai cikin 'yan daƙiƙoƙi a fita. Mai galan ɗaya zai wuni yana wasa, mai batir kuwa bayan minti 15 zuwa 25 sai ya canza, kuma cajin kowane ɗaya a hankali yana cin kusan awa guda. Suna kuma cewa ƙara da hayaƙi da canjin giya su ne ran wasan, kuma yaron da ya koyi saita kafireto da kunne ya koyi abin da batir ba zai koya masa ba. Wannan magana ta ƙarshe ina ganin gaskiyarta. Masu lantarki su ce su sun zo tuƙi ne, ba jan igiya da ƙona yatsa ba.

Ga wanda ke ƙasar zafi da ƙura

Mutumin Kano ko Maraɗi da ɗan'uwa ya kawo wa irin wannan mota tsaraba, ko ya tsince ta cikin kayan gwanjo, lissafinsa ya bambanta da na mutumin Texas. Man nitro ruwa ne mai kama wuta, ba a sa shi a jakar matafiyi ko a aiko shi kamar sauran saƙo, kuma fetur ba ya maye gurbinsa. Ga irin wannan mutum, sauyin ba zaɓi ne tsakanin daɗi biyu ba, shi ne abin da zai sa motar ta motsa. Ƙurar hunturu ma ta fi cutar da injin nitro, don ɗan rairayin da ya wuce matatar iska ya isa ya cinye matsewar fistin.

Amma batir ma yana da nasa shinge. Dokar jiragen sama ta yarda fasinja ya riƙe batirin litiyom a jakar hannu idan bai wuce Wh 100 ba a ma'aunin wutar da yake ɗauke da ita, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, kuma ba a sa shi cikin kayan da ke shiga ƙasan jirgi. 4S mai 5000mAh Wh 74 ne, ya wuce lafiya. 6S mai wannan girma 111 ne. Biyu masu 3S da za a jera su a mota sun warware wannan, muddin iri ɗaya ne kuma sa'annin juna.

Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana rage tazarar da inji ke da ita kafin ya kai iyakarsa, don haka giyar da wani ya yaba a bidiyo daga ƙasar sanyi a nan sai an sauke ta da haƙori ɗaya ko biyu, a ƙara fanka. Rashin tsayayyar wuta kuma yana jawo wani kuskure: mutum ya ga an kawo wuta ya cika baturansa ya ajiye don kada ya rasa. LiPo da ya kwana biyu a cike cikin ɗaki mai zafi shi ne ke kumbura. Ana ajiye shi ne a wajen volt 3.8 kan kowace ƙwaya, a cika shi ranar da za a fita. Sauƙin abin shi ne cajoji da yawa suna karɓar volt 12, don haka batirin mota ko na sola ya wadatar.

Wanda kuma ƙarar inji da ƙamshin hayaƙi ne suka ja shi, akwai ajin 1/5 irin HPI Baja 5B, mai injin cc 23 da ke shan fetur na gidan mai da ɗan baƙin mai, yana da fulogi na tartsatsi, kuma duk makanikin janareta zai gane cikinsa.